Wanda ya shekara ɗari a Zango, me idonsa ya gani?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Na zo da magana, kuma na san sai ta jawo musu. Babban Limamin ƙasarmu Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, an haife shi a Akra ranar 23 ga Afrilu 1919. Ku tsaya ku lissafa. A shekarar ne Bature Guggisberg ya zama gwamnan ƙasar nan. Babu asibitin Korle Bu, sai 1923. Babu tashar jiragen ruwa ta Takoradi, sai 1928. Sarkin Asante Prempeh na ɗaya yana tsare a tsibirin Seshels, Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta yaƙi Turawa, ita ma tana can da ranta. A watan Yunin shekarar ne jirgin sama ya fara tsallake tekun Atlantika bai yada zango ba. To jaririn da aka raɗa wa suna a wannan shekara, shi ne duniya ta yi ta yaɗa hotonsa a Facebook a 2019, da yana dab da cika ɗari ya ziyarci cocin Katolika ranar Ista.

Ni a ganina tun da aka kafa duniya ba a yi mutanen da suka ga sauyi kamar tsararsa ba, kuma ba za a ƙara yi ba. Daga fitilar aci-balbal zuwa wayar da kake yi wa tambaya ta ba ka amsa. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Mai Pragya:
"Ba za a ƙara yi ba." Kai ka leƙo gobe ne? Ka sayar mini da caja jiya ta mutu yau, amma ka san abin da zai faru nan da shekara ɗari.

Ɗan Aboabo:
Cajar lafiyarta ƙalau, soket ɗin ɗakinka ne. Ka zo da hujja.

Tsohon Tica:
Wa alaikumus salam. Shekarun da yaron nan ya kawo daidai ne, na duba su da abin da na koyar. Bari in ƙara masa. Ƙidayar 1960 ta ce mu miliyan 6.7 ne a Ghana. Ta 2021 ta ce miliyan 30.8. Duniya kanta wajen 1927 ta kai mutum biliyan biyu, a Nuwamban 2022 aka ce ta cika takwas. A nan Kumasi kuwa, ɗan 1919 ya ga sarakunan Asante huɗu: Prempeh na ɗaya da ya dawo 1924 ya rasu 1931, Prempeh na biyu har 1970, Opoku Ware na biyu har 1999, sai Otumfuo Osei Tutu na biyu da ke kai yanzu.

Amma ɗana, lissafinka na mai sayar da waya ne. Komai a wurinka gaba yake yi. An haɗa Akra da Kumasi da layin dogo a 1923. Na Sekondi ya shigo garin nan tun 1903. Ni da ƙuruciyata na hau jirgin ƙasa daga nan zuwa Takoradi, na kwana a ciki, na sayi burodi ta taga a Dunkwa. Yau je ka tashar ka gani, 'yan gwanjo ne a kan dogon. Wannan ma sauyi ne, sai dai ba irin wanda ake yi wa tafi ba.

Hajiya Mai Waake:
Ɗan Aboabo, tsoho ka tambaya ko intanet?

Ɗan Aboabo:
Hajiya ina wuni. Gaskiya karatu na yi.

Hajiya Mai Waake:
Lafiya lau ɗana. To ni Mma, mahaifiyata, ta haura casa'in da biyar kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma a ɗakina ta ƙare. Ban taɓa jin ta yi mamakin jirgin sama ba. Da aka ce Amurkawa sun taka wata cewa ta yi su suka sani. Talabijin kuwa har ta bar duniya in mai karanta labarai ya fito sai ta gyara mayafi. Abubuwan da take maimaitawa in hira ta yi daɗi uku ne: kuɗi, korar baƙi, da 'ya'yanta da ta binne. In za ku yi maganar sauyi ku yi ta kan waɗannan, su ne suka taɓa mutane a jiki.

Ita ba ta san shekarar haihuwarta ba. In an tambaye ta sai ta ce ranar da rana ta yi husufi, kaji suka shiga akurki da tsakar rana, tana goye da yayana na biyu.

Tsohon Tica:
Hajiya wannan husufin 20 ga Mayu 1947 ne. Ba a sake ganin cikakke a ƙasar nan ba sai 29 ga Maris 2006, wanda aka yi ta sayar da tabarau na kwali. Ke nan Mma, Allah ya jiƙanta, ta ga biyun. Mutanen Akra kuma da girgizar ƙasar 1939 suke auna shekarun tsofaffinsu. Lokacin rajistar katin ɗan ƙasa da irin wannan lissafin muka fitar wa tsofaffi da yawa shekara a unguwarmu.

Hajiya Mai Waake:
Amin Malam. Na biyun ƙin sa tabarau ta yi, ta ce a kawo mata ruwa a tasa ta duba a ciki kamar yadda suka yi da farko. Da ƙyar jikoki suka hana ta.

Anti Nas:
Gara da suka hana, wannan ma yana ɓata ido. Hajiya, maganarki ta uku nake so in kama, don nan ne aikina. Wajen 1960, a cikin yara biyar da aka haifa a ƙasar nan, kusan ɗaya ba ya kai shekara biyar. Binciken lafiya na 2022 ya nuna an sauko kimanin 40 cikin 1000. Ku bar waya, ku bar jirgi. A wurina babu sauyin da ya kai wannan.

Ku duba sunaye kawai. Tsofaffinmu akwai Ajuji, akwai Ayashe, akwai Abarshi da Abarta, sunayen da mai wabi ke sa wa ɗa don ta gaji da binnewa. Na daɗe ina rubuta katin awon jarirai, ban tuna ranar da aka kawo mini jariri mai irin sunan nan ba. Yanzu sai Ilham da Ayman.

Agana fa? Wa ya taɓa ganin mai agana a cikinku, ku 'yan ƙasa da hamsin? Sai dai zanenta a fuskar tsoho. An shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Kurkunu, a 1989 an ƙirga kusan mutum 180,000 da ita a Ghana, galibi a arewa. Na ƙarshe a 2010 aka gan shi, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mu shaida. Ƙyanda tana nan amma ba ta share layi guda kamar da. Duk wanda ya ce mini zamanin da ya fi, sai in ce ya je ya faɗa wa matar da ta haifi goma ta raini huɗu.

Hajiya Mai Waake:
Mma tara ta haifa, mu huɗu muka girma. Biyu ƙyanda ce ta ɗauke su a mako guda, tabarma ɗaya suka kwanta. Ba ta kiran sunayensu, sai ta ce "na shekarar ƙyanda". Da jikata ta haihu aka zo da jaririn daga allura yana ta tsala kuka, uwar na fushi wai an sa mata ɗa zazzaɓi, sai Mma ta ce ki bar shi ya yi kukansa, mai kuka ai yana nan.

Ustazu Sawaba:
Allah ya sa masu ceto ne. Ba na musun abin da Anti ta faɗa, ni'ima ce, a gode wa Allah. A Suratun Nahli bayan an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna sai aka ce yana halittar abin da ba ku sani ba. Kakanninmu hajji a ƙasa suke zuwa: Kano, Borno, Chadi, Darfur, har bakin Bahar Maliya. Ana tafiya ana tsayawa a yi noma ko ɗinki a samu guzuri. Mutum ya yi shekaru, a yi masa sadakar mutuwa a gida, sai ga shi ya dawo da 'ya'ya. Wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na Sudan har yau. Yanzu tun 2016 daga Tamale ma jirgi ke tashi kai tsaye, ka yi asuba a nan ka yi magariba a Madina.

Amma tambayata, albarkar lokacin tana ina? Wanda ya taka da ƙafa ya dawo da karatu da haƙuri. Na yanzu ya dawo da hotuna.

Na Bronx:
Ustazu da girmamawa, wannan maganar na gaji da ita. Waɗanda suka dawo ne suka ba da labarin haƙuri. Waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanya ba su ba kowa labari ba. Kuma in tafiyar ƙafa ce albarka, yaran Zango nawa ne suka bi ta Agadas zuwa Libiya a zamanin nan? Ba mu kira wannan albarka ba.

Ustazu Sawaba:
Niyya ta bambanta, ɗan'uwa.

Na Bronx:
Niyya ta bambanta, Sahara ɗaya ce.

Mai Kula da Zaure:
A yi a hankali. Hajiya ta ambaci kuɗi, ba wanda ya taɓa shi.

Tsohon Tica:
To bari in taɓa. Ɗan 1919 ya buɗi ido da kuɗin Ingilishi na Afirka ta Yamma: fam, sule, sisi, taro, da kwabo mai huda. Kuɗi ɗaya ne daga nan har Kano, har Saliyo da Gambiya, ba ruwanka da ɗan canji. Ku riƙe wannan, zai dawo a maganar baƙi. A 1958 aka yi fam na Ghana. A Yulin 1965 Nkrumah ya kawo sidi, sidi ɗaya sule takwas da kwabo huɗu. Bayan an kifar da shi a Fabrairun 1966, sai a 1967 aka yi sabon sidi babu hotonsa, biyu a fam ɗaya. A Maris 1979 aka rufe iyaka aka canza takardun kuɗi, ka kai goma a ba ka bakwai, in kuɗinka ya wuce dubu biyar abin da ya haura a ba ka rabi. A 1982 aka janye takardar sidi hamsin. A Yulin 2007 aka yanke sifiri huɗu, dubu goma ta koma ɗaya, lokacin sidi yana kafaɗa da dala.

Yanzu ku yi lissafin da kanku. Sidi ɗaya na yau dubu goma ne na da, wato a takarda fam dubu biyar. Fam dubu biyar! A zamanin da mai fam ɗari ake kiransa attajiri. Ka ba yaro sidi ɗaya yau ka ce ya sayo koko da ƙosai ka ga kallon da zai yi maka.

Mai Pragya:
Shi ya sa tsofaffi in na sauke su sai su ce "dubu hamsin ko?" Fasinja baƙo ya zaro ido, bai san sidi biyar ake nufi ba. Har yau kakata sidi ɗari miliyan take ce masa. Kowane wata ina ba ta miliyan biyu, ku dinga girmama ni.

Hajiya Mai Waake:
Canjin 1979 shi ya raba Mma da banki, ko da yake dama ba shiri suke ba. Kuɗin adashinta na cikin matashi, ta kai aka yanke. Tun daga ranar duk abin da ta samu sai ta mai da shi atamfa ko kwanuka ko ɗan kunnen zinari. Da ta rasu mun buɗe akwatin ƙarfenta, turamen atamfa ne jere ba a taɓa sa musu almakashi ba, da kafur a tsakani. Mu muna ganin ƙauyanci ne. Yanzu da na ga abin da ya sami masu ajiya a banki a 'yan shekarun nan, na daina dariya.

MoMo kuwa, wato kuɗin da ake turawa ta waya, ba ta taɓa yarda kuɗi ne ba. In jika ya turo daga Jamus sai an ciro an sa mata a hannu ta ƙirga da yawu.

Ɗan Aboabo:
Amma Hajiya wannan ai hujjata ce. MoMo 2009 aka fara shi. Wayar hannu 1992 ta shigo Ghana. Kafin nan mutum ya tafi Jamus shi ke nan sai wasiƙa.

Na Bronx:
Ba wasiƙa kaɗai ba, kaset. Ku yara ba ku san wannan ba. Kawuna yana Saudiyya, in mai tafiya ya samu sai a sayo kaset sabo, a aro rikoda, a kore mu daga tsakar gida. Kaka ta zauna a kan tabarma ta yi gyaran murya, ta fara da gaisuwa, ta gai da shi, ta gai da maƙwabtansa da ba ta sani ba, ta lissafo wanda ya mutu da wanda ya haihu da wadda aka sa wa rana, akuya na kuka a baya, sai can ƙarshen gefe na biyu a zo maganar kuɗin rufin ɗaki. Amsa ta zo bayan wata uku, unguwa ta taru a saurara. Yau ina tura wa mahaifiyata saƙon murya ta amsa kafin in ajiye wayar. Kuma wallahi tsarin bai canza ba, gaisuwa minti huɗu, maganar kuɗi a ƙarshe.

Uwar Biyu:
Hahaha wannan gaskiya ne. Ni abin da nake gani shi ne karatun mata. Kakata ba ta shiga aji ba, talla da makarantar allo sai aure. Iyayensu tsoron makarantun mishan suke, kuma ba za ka ce ba su da dalili ba. Sai da makarantun Islamiyya suka fara haɗa Arabiyya da boko, gwamnati ta buɗe musu sashe a 1987, sannan aka saki jiki. Yau 'yata tana karatun haɗa magunguna a jami'ar nan ta KNUST. Tsakanin kakata da ita gida ɗaya ne, ɗaki ɗaya ma.

Tsohon Tica:
Kuma farashin jinkirin nan mun biya shi. Lokacin da ake rabon aikin gwamnati bayan 1957, mu muna gadi da dako da dillanci. Sai 2001 Musulmi ya zama mataimakin shugaban ƙasa, Alhaji Aliu Mahama.

Jikan Alabar:
Salamu alaikum. Ni daga Kano nake, wani ɗan'uwa ne ya sa ni a zauren nan, kullum karatu kawai nake yi. Hajiya don Allah ki yi maganar korar baƙi. Kakana a Kumasi aka haife shi, fataucin goro ya gada, a 1969 suka taho. Har ya rasu in ya yi mafarki Kumasi yake gani, kuma Hausarsa ba ta taɓa zama ta Kano ba, yara na yi masa dariya.

Tsohon Tica:
Wa alaikumus salam, maraba da ɗan gida. Kafin Hajiya ta yi magana bari in shimfiɗa. Kakannin kakanka ayarin jakuna suke bi zuwa Gwanja, wata da watanni, su kawo kanwa da tufafi da fata su koma da goro. Salaga ce kasuwar, har yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, mutane suka bazu Kete Krachi, Kintampo, Kumasi, Akra. Da dogo ya zo sai hanya ta juya: huhun goro ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, jirgin ruwa zuwa Legas, wani jirgin ƙasan zuwa Kano. Daga baya Yarbawa suka dasa irin goron a ƙasarsu, wajen Shagamu, kasuwarmu ta ja baya. Ita tsohuwar Kete Krachi ma tana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin Volta a Akosombo, mutum wajen 80,000 aka tasa.

Abin lura, duk wannan zirga-zirgar ba wanda ya tambayi wani takarda. Sarki ɗaya ne a Ingila, kuɗi ɗaya, soja ɗaya, har Hausa ce harshen bariki, da ita aka je Bama. Sai aka sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, kowa ya yi murna, kafin shekarar ta fita aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Zangon nan masu goyon bayan 'yan adawa, zuwa Najeriya. Sun ce a nan aka haife su, magana na kotu, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu. Wannan ne gargaɗin farko. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita.

Hajiya Mai Waake:
Ina budurwa lokacin, an sa mini rana. Ɗana, abin da ba zan manta ba shi ne kaya a bakin hanya. Gado mai rumfa, keken ɗinki, langa-langa da tasoshin jere da uwa ta tara wa 'yarta shekara da shekaru, duk a ƙasa ana cewa ko nawa ne kawo. Masu saye na tayi kamar da gayya. Tsakar gidanmu ɗaki takwas ne, biyar suka zama kango a mako guda: Bayarabiya mai shagon kayan koli, Bazabarme mai gyaran agogo, Mosi biyu, da wani Bakatsine mai wankin hula. Manyan motoci cike, mutane a kan kaya, tsofaffi na kuka suna cewa ina za mu, ba mu san kowa a can ba.

Mu abin da ya tsirar da mu, kakata ta wajen uwa Bagwanjiya ce, kuma Baba yana da wata tsohuwar takardar asibiti. Duk da haka wata biyu bai fita kasuwa ba. Mma ta ce tun ranar ta gane mutum zai iya kwana ɗan gari ya tashi baƙo bai matsa daga kan tabarmarsa ba. Bayarabiyar ta bar mata makulli ta ce ajiya, za ta dawo bayan salla. Makullin na cikin akwatin atamfar nan da na faɗa muku.

Jikan Alabar:
Allahu akbar. Haka kaka ke faɗa, keken ɗinkinta ta sayar a kuɗin mota.

Na Bronx:
Sai kuma 1983 Najeriya ta rama, Shagari ya koro kusan mutum miliyan ɗaya, suka dawo suka tarar da fari da gobarar daji da yunwa. Yayana na cikinsu. Talaka ne ya sha duka sau biyu.

Mai Pragya:
Kuma bai ƙare ba. Je ka yin fasfo ko kati da suna irin namu ka ji. "Ina ne garinku?" Kumasi. "A'a, asalin garinku." Kakana a Tafo aka binne shi, ubansa ma haka. Ɗan Aboabo, ka sa wannan a lissafinka. Wayata tana kai ni Amurka a daƙiƙa, amma kakana ya fi ni sauƙin zuwa Kano.

Tsohon Tica:
A yi adalci dai. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90 ba biza, kuma tsarin mulkin 1992 ya ce in iyayenka ko kakanka ɗaya ɗan ƙasa ne, kai ma ɗan ƙasa ne. Doka tana gefenka. Mai zama a bayan tebur ne wani lokacin ba ya gefenka.

Mai Pragya:
Malam ai da mai tebur nake haɗuwa, ban taɓa haɗuwa da doka ba.

Ɗan Aboabo:
Duk abin da kuka kawo bai rushe maganata ba, ƙara mata nauyi ya yi. Na ce sun ga sauyin da ba wanda ya gani. Ban ce duka alheri ne ba.

Anti Nas:
Rabin farko na yarda. Rabin "ba za a ƙara yi ba" ne ban yarda ba. Shehu an haife shi a ƙarshen annobar murar 1918 da ta kashe dubun-dubatar mutane a ƙasar nan. Yana dab da cika shekara ɗari da ɗaya aka rufe masallatai saboda korona, aka kulle Akra da Kumasi mako uku, aka hana baƙi zuwa hajji. Wa ya taɓa tsammani? Jaririn da na yi wa awo yau in Allah ya ba shi ɗari zai kai bayan 2120. Ni abin da ke damuna ruwan da zai sha. Ku dubi kogunan Offin da Pra yadda galamse, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, ya mai da su kamar kunun kanwa. Tsofaffinmu sun sha wuya amma sun bar mana kogi.

Uwar Biyu:
Rafin Aboabo ma an ce da ana wanki a ciki. Yanzu ko wucewa sai ka toshe hanci.

Hajiya Mai Waake:
Ba "an ce" ba ne 'yata, ni na yi. Har kifi yara ke kamawa.

Ustazu Sawaba:
To kun ga abin da nake nufi da albarka.

Anti Nas:
A'a Ustazu, wannan ba tafiyar albarka ba ce, leda ce da kwata da rashin kwashe shara. Mu muka zuba, mu za mu iya hanawa. In muka ce albarka ce ta tafi ba wanda zai ɗauki shebur.

Jikan Alabar:
Ku yi haƙuri in mai da ku baya. Ina da niyyar zuwa Kumasi bayan salla. Ba ni da lambar gida, ba ni da takarda, abin da na sani kawai unguwar Alabar ce kuma kusa da wani masallaci. Akwai yadda za a yi in gane gidan?

Tsohon Tica:
Lamba ba za ta yi maka amfani ba ko da kana da ita, an sake su. Alabar ɗin ma yawanci shaguna ne yanzu da benaye. Ka fara da fadar Sarkin Zango, ka gabatar da kanka, su za su haɗa ka da dattawan 'yan goro.

Hajiya Mai Waake:
Kada ka rubuta sunansa a nan, ka turo mini ta gefe. Kuma ba sunan yanka nake so ba, laƙabinsa na kasuwa, da sunan matarsa, da abin da take sayarwa. Maza sun manta juna, mu mata mun san wa ya zauna a wane ɗaki. Akwai tsofaffi biyu a Yalwa da hankalinsu ke nan daram, zan kai ka da kaina, amma da safe, in rana ta yi ba sa son magana.

Abu ɗaya, kada ka shiga da maganar gidan kakana ne. Waɗanda ke ciki yanzu jikokin wanda ya saya ne, ba su san komai ba, in suka ji haka za su rufe ƙofa su kira lauya. Ka ce ka zo gaisuwa ne da ganin inda aka haifi tsohonka.

Jikan Alabar:
Wallahi gani kawai nake so, Hajiya. Me zan riƙo wa tsofaffin? Goro?

Mai Pragya:
Daga Kano za ka kawo wa Kumasi goro? Riƙo kilishi da turare. In ka sauka a tasha ka kira ni, amma kuɗin mota dubu ɗari biyu ne.

Jikan Alabar:
Dubu ɗari biyu?!

Uwar Biyu:
Sidi ashirin yake nufi, kuma ya yi maka tsada. Ka ba shi goma.